Shekarar da Baba Ya Bar Mana Gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata biyu ke nan da Allah Ya karɓi Baba, mahaifin mijina, kakan 'ya'yana mata uku. Ba zan kama sunansa ba. Shekara ashirin da ɗaya na yi a gidansa a Wurno ban taɓa kama shi ba, ba kuwa yanzu da ƙasa ta rufe shi zan koya ba.

Ranar zaman makoki tabarmin gidan nan ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Manoman tafarnuwa sun zo da laka a ƙafa, don daga fadama suka wuce jana'iza. Abokan aikin Yaya, babban ɗan Baba, sun zo daga Rabah cikin mota biyu, kowa da farar shadda, suna ta neman inda za su zauna ba su ɓata ta ba. Wasu masunta daga wajen Goronyo suka kawo kwandon busasshen kifi, suka ce ba su san abin da ake kai wa gidan mutuwa a cikin gari ba, abin da suke da shi ke nan. Wata tsohuwa 'yar asalin Tursa, wadda ba wanda ya san ta a cikinmu, ta shigo har tsakar gida ta zauna dirshan tana kuka, tana cewa, "Wa za shi sakar min ruwa yanzu?" Daga baya muka ji cewa 'yar gonarta ce ta ƙarshe a layin su Baba, kuma ya yi shekaru yana toshe tasa hanyar ruwan sai tata ta sha.

Sai kuma waɗanda suka zo da kunne da baki. Ina bayan rumbu ina zuba ruwa a buta na ji wasu mata biyu, su ba su gan ni ba.

"Wai cikin bukka yac cika, can hwadama," in ji ɗayar. "Ɗiyanai na nan kwance bisa katihwa."

"Ke dai bari. Ita kuma wagga, mijinta ya mutu tun yaushe, ta ƙi tashi. Ance don ita anka hidda tsohon."

Na kai musu ruwan, na ce sannunku da zuwa, suka ce Allah Ya ba mu haƙuri. Ni malamar firamare ce, bakina ba ya ciwo, kuma duk unguwar nan an san haka. Amma ranar na haɗiye, saboda gawar Baba ba ta yi awa uku a ƙasa ba. Abin da na haɗiye ɗin ne nake rubutawa yau. Gaskiya ne a bukka ya cika. Ga yadda aka yi.

Baba gajere ne mai manyan hannuwa, kuma magana tsada take yi masa. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin ƙarfi a wajen ginin dam na Goronyo, a can ya koyi kwaɓa siminti da riƙe igiyar awo. Da ya dawo ya rushe tsofaffin ɗakunan gidan ubansa ɗaya bayan ɗaya ya sake su da hannunsa, har zauren. Sauran rayuwarsa kuma ta tafi a kan tafarnuwa da albasa. Ya fara ban-ruwa da jigo, ya ƙare da inji, kuma bai taɓa yarda cewa injin ya fi shi sanin aiki ba.

Ba ya yabo. In tuwo ya yi daɗi zai cinye ya turo kwano shiru. In bai yi ba sai ka ji daga zaure, "Gishiri ya yi tsada kasuwa, hala?" Shekarata ta farko na sha kuka a kan wannan tambayar, har Inna, matarsa, Allah Ya jiƙanta, ta ce in daina ɓata hawayena, ita shekara talatin tana jin ta. Amma ba ya sa loma a baki sai ya tambaya, "Ya kai ƙarshe?" Wato abincin ya kai ɗakin da ke can ƙuryar gida. Ɗakin ƙuryar kuwa nawa ne.

Abokin faɗansa Malam ne, maƙwabcinmu na tsallaken hanya, wanda ke karantar da littattafai a zaurensa. Tare suka tashi, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, daga ganin wata har zuwa wane goro ya fi. Kullum bayan la'asar Baba zai tsallaka da tabarmarsa, a yi musu har magariba, ya dawo yana cewa ba zai ƙara zuwa ba.

Mijina shi ne na biyu a 'ya'yan Baba huɗu: Yaya, sai shi, sai Goggon yara, sai Auta. Shekara bakwai da suka wuce ya kwanta ciwo na kwana shida, Allah Ya ɗauke shi. Da na fita takaba kawuna ya zo daga Rimawa zai tafi da ni, kamar yadda aka saba. Ni kuwa na san abin da ke Rimawa: ubana ya rasu, gidan ya cika da iyalan 'yan'uwa, ba ɗakin da zai ɗauke ni da yara uku. Baba ya saurari kawu har ya gama, sannan ya ce, "In tana son tahiya, ga hanya, ba ni hana ta. In ta zamna, ɗiyata ta. Ka tambaye ta, ba ni ba." Na zauna.

Na zauna, amma da wani abu a ƙirjina da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk wanda ya yi karatun gado ya sani: in ɗa ya riga ubansa mutuwa, 'ya'yansa ba su gadon kakansu muddin akwai baffanninsu a raye. Hukuncin Allah ne, ban taɓa jayayya da shi ba. Sai dai na san cewa rufin da ke kaina da 'ya'yana numfashin tsoho ɗaya ne ke riƙe da shi. In Baba ya yi tari da safe, sai gabana ya faɗi, sannan in ji kunyar dalilin faɗuwar.

Shekaru uku da suka wuce wani dattijo a layinmu ya rasu. Magada suka kasa shiryawa, aka sayar da gidan. A ciki akwai matar ɗansa marigayi da yaranta, kamar ni. Da hantsi aka loda musu kaya a bayan a-kori-kura, tukwane da katifa da keken ɗinki, ƙaramar yarinyar tana rungume da kaza. Baba yana kan dakalin zaure yana kallo har motar ta sha kwana. Ranar bai je musu wajen Malam ba.

Ya daɗe yana juya abin bai ce wa kowa komai ba. Sai wata safiya bayan an gama girbi na fito shara na tarar da shi a tsakar gida da ƙwaryar toka. Yana taku yana ƙirgawa, yana zuba tokar a layi, yadda yake fitar da kwamin tafarnuwa. Ya raba gidan huɗu, ya kafa turaku. Zaure da rijiya ya zagaye su daban, na kowa da kowa. Ya aika aka kira Yaya daga Rabah, aka kira Goggo daga gidan mijinta, ga Auta, ga mai unguwa da dattawa biyu. Ya nuna wa kowa nasa. Da ya zo kan sashen ƙurya ya ce, "Wanga na ɗiyan marigayi na, su uku. Uwarsu ta amsa musu." Mai unguwa ya rubuta, kowa ya sa hannu, ni ma na sa.

Da la'asar Baba ya tsallaka wajen Malam yana tafiyar wanda ya ci nasara. Malam da kansa ya ba ni labarin daga baya. Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke, ya ce, "To madalla. Yau ina za ka kwana?"

"Ɗakina mana. Ina za ni kwana?"

"To ba ka ba kowa komi ba."

Baba ya ce wace irin magana ce wannan, ga shaidu, ga hannun mai unguwa. Malam ya ce masa a karatunmu kyauta ba ta cika da takarda, sai wanda aka ba ya karɓa a hannunsa, mai bayarwa kuma ya cire nasa hannun. In mutum ya ba da gidan da yake ciki, ya ci gaba da zama har mutuwa ta same shi a nan, kyautar ta warware, gida ya koma gado. Sai ya fita da kayansa, jama'a su gani. Kuma kada ya dawo da zama sai shekara ta zagayo.

"Ni nig gina shi!" in ji Baba.

"Shi ya sa. Gina wani, ka zamna ciki."

Kwana uku ba su yi magana ba. Rana ta huɗu Baba ya hau mota ya tafi Sakkwato wajen wani babban malami, da fatan a ce masa abokinsa ya yi kuskure. Ya dawo da yamma, can ma abin da Malam ya faɗa aka maimaita masa. Washegari ya aro amalanke, ya ɗora gadonsa na ƙarfe, da akwatinsa, da buta, da rediyo, ya sa aka bi da kayan ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan gari ba, don kowa ya shaida. Ya miƙa wa Auta makullin ɗakinsa, don ɗakin a sashen Auta ya faɗa. Ya koma bukkar da yake ajiye inji a bakin gonarsa.

Yaya ya zo daga Rabah a fusace, ya same shi a can. Ina wurin, na kai abinci.

"Baba, so kaka yi a ce mun kore ka? Ni da nike da aiki, ubana cikin bukka?"

"Su ce."

"In don yaran ga na, ka yi musu wasiyya mana. Wa za shi hana su?"

"Wasiyya sai na mutu. Ba ni nan, a yi ma gida kuɗi, a saida, a miƙa musu nasu cikin leda. Su kwana cikin leda? Ni da idona nika son in ga sun zamna."

"Ba ka yarda da ni ba ke nan."

Baba ya ce, "Na yarda da kai. Ban san wa za ka zama ba in mutane sunka zagaye ka ba ni nan. Ni ma ban san kaina haka ba."

Yaya ya tashi ya kaɗe rigarsa. Da zai wuce ya dube ni, kallon da har yau ina jin sa. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata sai da ka. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na sa a raina cewa ba kunyar mutane ce ke cin sa ba, sashen ƙurya ne.

Baba ya gyara bukkar, ya yi mata daɓe, ya kafa rumfa. Ni da Goggo muka raba kwanakin kai abinci. In na tashi daga makaranta sai in hau babur in sauka fadama, in tarar da shi tsugune a bakin kwami yana buɗe wa ruwa hanya da 'yar fartanya. Lokacin an sako ruwan rani daga dam, fadama ta yi kore shar, warin tafarnuwa har cikin mayafi. Zai karɓi kwanon, ya ci, ya turo. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, sauro fa?" Ya ce sauron fadama ya fi Malam saurin yin shiru.

Ranar Juma'a yakan shigo gari. In an sauko masallaci sai ya zo ƙofar zauren da ya gina da hannunsa, ya tsaya a waje, ya yi sallama. Ba ya shiga sai an amsa an ce ya shigo. Ranar farko na fito da gudu ina cewa, "Haba Baba!" Ya ce ba da ni yake ba, masu gida yake nema. Babbar 'yata, wadda yake tsokana da uwargida, ta fito tana dariya ta ce, "Wane na? Maigidan ba shi nan, ya gudu ya bar mu." Ya ce, "Baƙo na, ruwa nika so." Ta ce baƙon da bai kawo tsaraba ba sai dai ruwan randa. Ya zaro rake daga aljihu. Haka suka mayar da abin wasa duk Juma'a, ni kuwa sai in shige ɗaki don kada su ga fuskata. Zai zauna a zaure, ya sha fura, ya saurari karatun ƙaramar. Da ya ji gyangyaɗi na neman kama shi sai ya miƙe tsaye. Ko ƙailula bai yarda ya yi a gidan ba.

Malam ya ce masa abin bai kai haka tsanani ba, ziyara ba zama ba ce, ko ya kishingiɗa ba abin da zai warware. Baba ya ce shi ba zai bar wa kowa ƙofar magana ba, wanda ya kishingiɗa yau gobe za a rantse an ga ya kwana.

A wata na goma da fitarsa, ƙarshen damina, ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya malalo fadama. Da rana tsaka masunta suka ɗauko Baba a jirgi, shi da injinsa da rediyonsa, ruwa ya riga ya kai gwiwa a bukkar. Muka ce shi ke nan, ko shari'a ta san lalura. Auta ya share ɗakin, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Baba ya sauka daga kan babur a ƙofar gida, jiƙe sharkaf, ya dubi zauren, ya juya ya tsallaka hanya.

"Malam, kana da wurin baƙo?"

"Baƙo mai gardama? Sai dai kusa ga awaki."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a zauren Malam. Daga gidansa muke tsallakawa da kwanon abinci, unguwa tana kallo. Wannan ya fi komai ƙona Yaya. Ya zo ya tsaya a bakin hanya, tsakanin ƙofofin biyu, bai shiga ko ɗaya ba, ya koma motarsa. Ni ma a kwanakin nan na fara jin cewa abin ya yi tsada da yawa. In na ɗauki kwanon sai in ji kamar kowa na nuna ni da baki.

Da ruwa ya janye Baba ya koma, ya ce lokacin gyaran gona ya yi. Auta ya sa aka yi wa bukkar sabon rufi. Amma sanyin ruwan nan ya riga ya shige shi. Tari ya kama shi, ya ƙi saki, ƙafafunsa suka kumbura. Asibiti kam ya yarda, ya yi kwana biyar. Ranar da aka sallame shi Yaya ne ya ja motar, Baba a gaba, ni da Goggo a baya. Likita ya ce a kai shi inda ba danshi, a kula da shi. Ba wanda ya yi shawara da wani, amma duk mun san inda za mu.

Baba idonsa a rufe, mun ɗauka barci yake. Da muka zo mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya gari ɗaya fadama, Yaya ya karya kan mota ta gari. Sai muka ji ƙarar murfin ƙofa. Baba ya buɗe ta, mota na tafiya, ya zuro ƙafa ɗaya waje. Goggo ta ƙwalla ƙara, Yaya ya taka birki.

"Baba, don girman Allah!"

"Saura kwana ashirin da shida," in ji Baba. Muryarsa da ƙyar take fita. "In ba ka kai ni, in taka."

Yaya ya kifa kansa a kan sitiyari. A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi wa Baba magana kai tsaye ba tare da ya tambaye ni ba. Na fito na durƙusa a bakin ƙofar, a kan titi, na ce, "Baba, mun yahe. Wallahi mun yahe. A raba yadda Allah Yac ce, mu Allah ba Shi hana mu wurin kwana. Ka koma ɗakinka."

Ya dube ni. A shekara ashirin da ɗaya ban tuna ya taɓa duban tsakiyar idona ba sai ranar.

"Naki na da za ki yahe?" ya ce. "Na 'yan matan ga na. Amana anka ba ki, ba kyauta ba. Tashi, mutane na kallo."

Na tashi. Yaya ya fito, ya zagayo, ya mayar da ƙafar Baba cikin mota da hannunsa, ya rufe ƙofar a hankali, ya juya kan motar zuwa fadama.

Kwana tara ya ƙara. Yaya ya ɗauki hutu, ya kawo katifa da barguna da gidan sauro, ya tare a rumfar. Mu mata muna zuwa da safe mu koma da yamma. Malam yana zuwa kullum a bayan babur, yana ƙorafin hanya, ya zauna ya yi masa karatu, in ya tsaya Baba ya ce ya yi sauri da yawa. Ran na tara da hantsi, ana jin injinan maƙwabta suna ta aiki, ya ce a ɗaga zanar ƙofa ya ga gona. Aka ɗaga. Ya ce wa Auta layin gabas ya sha ruwa ya isa haka, a toshe. Auta ya je ya toshe ya dawo. Malam ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa sau biyu. Wannan karon bai yi gardama ba.

Na yi kukan Baba fiye da yadda na yi na ubana, ba na kuma jin kunyar faɗa. Amma a ƙarƙashin kukan tsoron nan yana nan, don shekara ba ta cika ba.

Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado a zaure. Malam ne ya jagoranta, ga mai unguwa, ga 'ya'yan Baba, ga Bappa, ƙanen Baba da ke zaune a Rabah. Ni ina bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ba a kira ni ba, ba ni kuma da hurumin a kira ni. Aka ambaci gona, da inji, da tumaki huɗu, da tafarnuwar da ke ƙasa. Sai Bappa ya gyara murya.

"Gidan hwa? Ni dai na ji ance shekara. Shekara ba ta cika ba."

Malam ya ce shekarar ta wanda ya dawo ce. Wanda ya fita bai dawo ba har ya mutu, kyautarsa ta cika tun ranar da ya fita. Abin tambaya ɗaya ne: ya dawo ko bai dawo ba?

"To ai nan take," in ji Bappa. "Ni an hwaɗa min ranar da anka sallame shi asibiti gida anka nuhwa da shi. Wa yas san inda yak kwana? Tsoho da ciwo, ba shi cikin hankalinai. A bi a hankali, kar a ci haƙƙin magada." Sannan ya sassauta murya, ya juya wajen Yaya. "Kai ab babba. Ɗiyanka tara, sashenka ɗaki ukku. Ka tuna da su kahin ka yi magana."

Ban ce Bappa mugu ne ba. Abin da ya ji ya faɗa, kuma 'ya'yan ɗan'uwansa yake kare wa. Amma a motar nan mu huɗu ne. Ɗaya yana kabari. Ni ba a karɓar bakina a kan abin da 'ya'yana za su ci. Goggo tana kuka ba ta iya magana. Yaya ba sai ya yi ƙarya ba, in ya ce shi ba ya son tone-tone, a je gaban alƙali, ya isa a shekara ana jan magana, kuma na ga inda irin wannan jan yake ƙarewa.

Sai Yaya ya ɗago kai.

"Ni nit tuƙa motar," in ji Yaya. "Gida nin nuhwa da shi, gaskiya ta. Ya buɗe ƙohwa za shi diro. Na maida shi hwadama da hannuna. Tun ranar da yah hita da amalanke bai ƙara kwana gidan ga ba, ko dare guda, kuma hankalinai ya hi nawa har yac cika." Ya juya wajen Malam. "Ubanmu ya rasu ba shi da gida. Malam, a rubuta haka."

Aka rubuta. Na zame na zauna a ƙasa a bayan ƙofar, na toshe bakina da mayafi. Na yi wata goma sha ɗaya ina zargin mutumin nan a zuciyata, shi kuwa ashe ubansa kawai yake so ya mutu a kan gadonsa kamar kowane uba. Na nemi gafararsa daga baya. Ya ce shi ma yana da abin da zan yafe, mu bar shi haka.

Ranar Asabar da ta biyo, da sassafe, na ji ana sauke bulo a ƙofar gida. Yaya ne da magina biyu, za su tayar da katangar da za ta zagaye sashenmu. Ya yi sallama daga tsakar gida, na fito ina gyara lulluɓi, na ce a yi yadda ya ga ya dace. Ya ce ba ni zai tambaya ba, a kira masa babbar. Ta fito da tsintsiya a hannu.

"Ɗiyata," ya ce, "ina kika son a sa muku ƙohwa?"

Ta dube ni, na kau da kai. Ta daɗe tana duban wurin, sannan ta taka ta je ta tsaya ta nuna, wajen da ke fuskantar rijiya. Magini ya ja igiya daga inda ƙafarta take.

A cikin wannan katangar nake rubutun nan. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa Fatiha ɗaya ga tsohon da ban faɗi sunansa ba, Allah Ya san shi. Ya Ubangiji, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka haɗa shi da Inna da ɗansa da ya riga shi. BawanKa ya zo maKa ba shi da gida. Ka ba shi.